Fina-finan 'Yan Sanda da 'Yan Leƙen Asiri: Tambayoyin da Ake Yawan Yi Mini a Gidan Kallo

Gidan kallona yana Samaru a Zariya, ta bayan kasuwa. Ƙwallo ce ke ciyar da mu, amma ranakun da babu wasa, ko lokacin da kulob-kulob ɗin Turai suka tafi hutu, fim nake sawa. In kuwa ina son benci ya cika, na san wanda zan ɗauko: fim ɗin da ɗan sanda ko ɗan leƙen asiri ke farautar 'yan ta'adda. Ɗaliban jami'a za su zo, 'yan acaɓa za su jingine babura, har dattawan unguwa sukan leƙo. Da an tashi sai musu ya koma teburin mai shayi, kuma ni ake ɗora wa alƙalanci. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi maimaituwa.

Ina son fina-finan nan, ba na ɓoyewa. Sai dai mu mutane ne da muka ji ƙarar bam da kunnuwanmu a garin nan, don haka kallonmu ba zai zama irin na wanda bai taɓa ji ba.

Malam, ba duk fim ɗin faɗa ɗaya ba ne?

A'a. Fim ɗin yaƙi runduna ce da runduna. Na Cainis kuma gwanintar jiki ake zuwa gani. Wannan da muke magana a kai, agogo ne ke riƙe da shi: an ɗana bam zai tashi ƙarfe kaza, an sace jirgi mai na ƙarewa, an tsare mutane an ba gwamnati wa'adi. Jarumin yana tsere da lokaci kafin ya yi tsere da bos.

Ta ɓangaren leƙen asiri, James Bond ne ya share hanya, fim ɗinsa na farko ya fito a 1962. Wanda ya ƙirƙire shi, Ian Fleming, ya yi aiki a sashen leƙen asirin sojan ruwan Birtaniya lokacin yaƙin duniya na biyu. Ta ɓangaren 'yan sanda kuwa, Die Hard na 1988 ne ya zama abin kwaikwayo: ɗan sanda ɗaya, ƙafa ba takalmi, a cikin dogon bene da aka tsare mutane. Abin da mutane ke mantawa, mutanen da ya yaƙa ɓarayi ne da suka fake da sunan ta'addanci don su fasa ma'ajiyar kuɗi.

Su RAW da ISI da CIA da ake ambata, akwai su da gaske?

Akwai su, hukumomin leƙen asiri ne na ƙasashe. CIA ta Amurka an kafa ta a 1947, ISI ta Pakistan a 1948, Mossad ta Isra'ila a 1949, RAW ta Indiya a 1968. MI6 ta Birtaniya, wadda Bond ke wa aiki, asalinta tun 1909.

A nan gida, bayan kashe Janar Murtala a 1976 aka kafa hukumar tsaron ƙasa ta NSO. A 1986 gwamnatin Babangida ta rushe ta, ta raba aikin gida uku: jami'an farin kaya, wato DSS, su kula da cikin ƙasa; NIA ta kula da waje; DIA ta kula da abin da ya shafi soja. Ka ga ke nan takwarar CIA da RAW a wurinmu ita ce NIA, ba DSS ba, kamar yadda ake yawan faɗa a teburin shayi.

Wanda fina-finai suka fi yi wa ƙarin gishiri shi ne Interpol, ƙungiyar 'yan sandan ƙasa da ƙasa. Za ka ga jarumi ya zaro kati ya ce shi jami'inta ne, ya kama mutum a ƙasar da ba tasa ba. Interpol, mai hedikwata a Liyon ta Faransa, ba ta kama kowa da kanta. Bayanai take rarrabawa, ta sanar cewa ana neman wane ruwa a jallo, 'yan sandan ƙasar da yake ciki su yi kamun.

To aikin nasu haka yake, mutum ɗaya ya gama da mutum hamsin?

Nan ne nake yawan ɓata wa matasa rai. Harbe-harben da ke cinye rabin fim, a zahiri su ne mafi ƙanƙantar aikin. Ɗauki farautar Usama bin Ladan. Daga harin 11 ga Satumba 2001 zuwa daren da aka kashe shi a Abbottabad ta Pakistan, 2 ga Mayu 2011, kusan shekara goma ne. Samamen kansa bai wuce kamar minti arba'in ba. Sauran shekarun fa? Bin sawun wani ɗan aikensa aka yi ta yi: a gano sunansa na gaskiya, a gano wayarsa, a gano motarsa, a bi ta har gidan. Mutane ne zaune a ofis suna karanta takardu, suna sauraron waya, suna haɗa wannan magana da waccan. Babu daraktan da zai nuna maka wannan na awa uku, kowa zai yi barci, amma shi ne aikin.

Jarumtar gaske kuma ba ta yi kama da ta fim ba. A harin Mumbai na Nuwamba 2008, mutum goma ne suka riƙe gari kusan kwana uku, suka kashe mutum 166. Ɗaya kacal aka kama da rai, Ajmal Kasab, kuma wanda ya sa aka kama shi wani ƙaramin jami'in ɗan sanda ne mai suna Tukaram Omble. Kulki ne a hannunsa. Ya cafke bakin bindigar ya ƙi saki, harsasai na shiga jikinsa, har abokan aikinsa suka danne maharin. Shi Omble bai tashi ba. Daga bakin wanda aka kama ɗin aka ji yadda aka shirya harin, aka kai shi kotu, aka rataye shi a 2012. Duk lokacin da na ga jarumi ya ratsa ruwan harsashi ko ƙwarzane babu, wannan bawan Allah nake tunawa.

Amma ai in ba a lallasa ɗan ta'adda ba, ba zai faɗi inda bam yake ba. Ko ba haka ba?

Wannan tambayar ta fi kowace damuna, domin amsar da ke cikinta fim ne ya dasa ta. Tsarin kullum ɗaya ne: saura minti goma, an kama wanda ya san sirrin, jarumi ya karya masa yatsa, ya faɗi gaskiya, gari ya tsira. Marubucin labarin ne ya riga ya tabbatar maka cewa wanda aka kama shi ne mai laifin, kuma abin da ya faɗa gaskiya ne. A ofishin bincike na gaske babu wanda ke da wannan tabbacin.

Wanda ake azabtarwa zai faɗi duk abin da zai sa a daina. Zai ambaci maƙwabcinsa, zai ambaci mai shagon da yake bin sa bashi. Sai jami'ai su kwashe kwanaki suna bin ƙarya, a kamo marasa laifi, su ma a matsa su, su ambaci wasu. A Disamba 2014 kwamitin leƙen asiri na majalisar dattawan Amurka ya fitar da rahoto kan azabtarwar da CIA ta yi bayan 2001, ya ce hanyar ba ta zama ingantacciyar hanyar samun bayanai ba. Hukumar ta yi jayayya da wasu sassansa, amma rahoton yana nan. Tun kafin nan ma, a 2006, shugaban sashen karatu na makarantar horar da hafsoshin Amurka ta West Point, Birgediya Janar Patrick Finnegan, ya taka har wurin masu shirya wasan talabijin ɗin nan mai suna 24, ya roƙe su su rage nuna azabtarwa, domin tana ɓata tunanin matasan da yake koyarwa. Soja ne fa ya je yana roƙon 'yan fim.

A Najeriya akwai dokar hana azabtarwa ta 2017, kuma kundin tsarin mulki ya haramta ta. Ina faɗa wa yaran da ke tafi in an fara dukan wanda ake tuhuma: ranar da aka yi kamen kan mai uwa da wabi a unguwarku, aka haɗa da yayanka, wace doka za ka so a bi?

Me ya sa kullum bos ɗin mai gemu ne da rawani, yana kabbara?

Ba idonka ba ne, abin haka yake. Lokacin yaƙin cacar baka, bos ɗan Rasha ne. Da Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991 sai aka nemi sabon abokin gaba, bayan 2001 kuma ƙofa ta buɗe gaba ɗaya. Wani malamin jami'a Ba'amurke ɗan asalin Labanan, Jack Shaheen, wanda shi kansa Kirista ne, ya bi fina-finan Amurka sama da 900 ya fitar da littafi a 2001, ya nuna cewa waɗanda suka fito da Balarabe a mutumin kirki ba su taka kara sun karya ba. Fina-finan Indiya kuma rikicinsu da Pakistan suke kawowa allo, shi ya sa za ka ga bos da kwalli a ido da carbi a hannu.

Ba zan ce babu masu kashe mutane da sunan Musulunci ba, mu ne shaida. Abin da fim ke ɓoyewa shi ne su wa suka fi kashewa. A Zariyar nan aka harbe Sheikh Albani da matarsa da ɗansa a Fabrairun 2014, Allah ya jiƙansu. A Nuwamban shekarar aka kai hari babban masallacin Juma'a na Kano, mutum sama da ɗari suka rasu. Mustafa Akkad, wanda ya shirya fim ɗin Umar Mukhtar da iyayenmu suka kalla suna hawaye, bam ɗin 'yan ta'adda ne ya yi ajalinsa shi da 'yarsa a wani otal a Amman, a 2005. Sannan wanda ya kashe mutum 168 a Oklahoma a 1995, da wanda ya kashe 77 a Norwe a 2011, da wanda ya harbe masallata 51 a masallatai biyu a Niyu Zilan a 2019, babu mai rawani a cikinsu.

Abin da ke ci mini rai shi ne in ga yaro ɗan Tudun Wada, mai suna irin na bos ɗin, mai sallah irin tasa, yana ihun murna an harbe shi, bai lura cewa kamanninsa aka zana ba. Ba na hana kallo. Nakan dai tsayar da fim wani lokaci in tambaye su: wa ya shirya wannan, kuma wa yake so ku tsana?

Ya halatta a kalla kuwa?

Wannan ta malamai ce, kuma Zariya ba ta rasa su ba. Abin da nake yi a wurina: in an kira sallah a kashe, in an zo wurin tsiraici a tsallake.

Bindigogin na gaske ne?

Sau da yawa na gaske ne, amma harsashin babu dalma a kansa, albarushi ne kawai mai ba da wuta da ƙara. Duk da haka yana kisa in aka yi sakaci. Brandon Lee, ɗan Bruce Lee, a wurin ɗaukar fim bindiga ta kashe shi a 1993, yana da shekara 28. A 2021 ma harsashi mai rai ya kashe wata mai ɗaukar hoto a wurin shirya fim a Amurka. Shi ya sa yanzu da yawa suke riƙe bindigar roba, a ƙara wutar da kwamfuta daga baya.

Sauran abubuwan kuwa, ado ne. Bututun da ake ɗaura wa bindiga yana rage ƙara, ba ya kashe ta. Na ɗaki na kusa zai ji. Mota ba ta tashi da wuta don harsashi ya huda tankinta. Wanda rigar sulke ta tare masa harsashi yakan tashi da karyayyen haƙarƙari. Batun jar waya da shuɗiya kuma, mai haɗa bam ba ya bin launi don ya sauƙaƙa wa kowa. Masu kwance bam na gaske sun fi son su kori jama'a, su tura na'ura, su tarwatsa shi daga nesa. In ka ga jaka ko leda da ba ka yarda da ita ba a tasha ko masallaci, kada ka taɓa, ka janye mutane ka kira jami'ai.

Ina suke samun jiragen yaƙi da tankoki?

Wani lokaci kwamfuta ce, wani lokaci aro ne. Ma'aikatar tsaron Amurka tana da ofishin hulɗa da 'yan fim. Tana ba da jirage da sansani da sojoji, amma sai ta karanta labarin ta amince. CIA ma ta buɗe irin wannan ƙofa a 1996. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: fim ɗin da aka ara wa jirgi da wuya ya nuna kuskuren mai jirgin.

Kuskuren kuwa yana faruwa. A allo, jirgi maras matuƙi yana ganin fuskar mutum tar, ya ɗauke shi shi kaɗai. Mu a Jihar Kaduna mun san Tudun Biri, inda a Disamba 2023 irin wannan jirgi ya saki bam kan masu taron Mauludi bisa kuskure, mutum sama da tamanin suka rasu.

Fassarar Hausa tana ɓata fim ko tana gyara shi?

Duka biyun. Ita ce ta kawo fina-finan kudancin Indiya har ɗakin tsohuwar da ba ta jin ko kalma ɗaya ta Turanci, kuma masu fassarar Kano akwai gwanaye a cikinsu, sun san inda za su jefa karin magana ta zauna daram. Matsalar tana zuwa ne a irin waɗannan fina-finai masu ƙulli. In mai fassara bai gane wace hukuma ce ke gaba da wace ba, sai ya cike gurbin da barkwanci, ka fito ka ji daɗin faɗan amma ba ka san dalilinsa ba. Akwai kuma masu sassauta maganar da bos ya yi da sunan addini, ko su sauya ta ɗungurungum. Na fahimci dalilinsu, sai dai mai kallo ya rasa sanin abin da aka faɗa a kansa.

Mu me ya hana mu yin namu?

An fara. The Milkmaid na 2020, wanda yawancinsa da Hausa ne kuma a Taraba aka ɗauka, labarin 'yan'uwa mata biyu ne masu tallar nono da 'yan tada ƙayar baya suka afka wa ƙauyensu. Shi Najeriya ta tura gasar Oscar. Eagle Wings na 2021 da haɗin gwiwar sojojin sama aka yi shi. In ɗan sanda mai bincike da ƙwaƙwalwa kake so, nemi October 1 na 2014, inda marigayi Sadiq Daba ya fito a Sufeto Danladi Waziri, ko da yake shi mai kisan ɗauki-ɗaiɗai yake farauta.

Abin da ke hana su yawa, na farko kuɗi: fasa mota ɗaya ya ishi a shirya wani fim ɗin soyayya sukutum. Sai izinin sa kaki da riƙe makami, sai hukumar tace fina-finai ta ƙasa, da ta Kano ga masu aiki a can. Amma ni a ganina babban dalilin shi ne ciwon bai warke ba. Ranar 7 ga Yuli 2015, cikin azumi, bam ya tashi a sakatariyar ƙaramar hukumar Sabon Gari da ke Dogarawa, ma'aikata na layin tantancewa, mutum sama da ashirin suka rasu. Marayunsu suna cikin garin nan, wataƙila wani ya taɓa zama a bencina. Harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na 28 ga Maris 2022, sai a Oktoba aka sako na ƙarshen waɗanda aka kama. Wanda zai mai da irin wannan fim, dole ya zauna da iyalan tukuna. In ya kwaikwayi Indiya, ya sa jarumi ya yi tsalle ya gama da daji guda a minti biyar, ya ci mutuncin waɗanda suka sayar da gona suka biya kuɗin fansa.

Labaran da nake fatan gani su ne na mai unguwar da ya lura da baƙon da ya kama haya ba ya fita sai dare, da ɗan kasuwar da ya ga ana sayen taki fiye da ƙima ba lokacin damina ba, da 'yar sandan da ke binciken mata a ƙofar masallacin Idi.

Ɗana shekararsa tara, ba ya son komai sai irin waɗannan. In bar shi?

Hajiya, ki duba lambar da ke jikin fim ɗin tukuna. In an rubuta 15 ko 18, ba nasa ba ne, ko da an fassara shi da Hausa an cika shi da ban dariya. Fassara ba ta goge jini. Ni ba na barin ƙananan yara su shiga in irin wannan zan sa, ko da kuɗinsu a hannu. In kuma ya riga ya gani a wayar yayyensa, kada ki tsaya a faɗa kawai. Ki zaunar da shi ki tambaye shi abin da ya fahimta, ki gaya masa wanda aka harba a fim yana tashi ya tafi gida, na gaske ba ya tashi. Ki lura da barcinsa da irin wasan da yake yi da ƙannensa.

Ina son in zama irinsu. Ta ina zan fara?

Ƙanena, ka yi sa'ar gari. Daffon horar da kuratan soja yana nan Zariya, NDA tana Kaduna ga mai son zama hafsa, makarantar horar da manyan 'yan sanda tana Wudil. Ka gyara sakamakon jarrabawarka, ka riƙe lafiyar jikinka, ka nisanci ƙwaya. In ɓangaren leƙen asiri ne a ranka, harsuna da kwamfuta da iya riƙe baki sun fi ƙwanji amfani. Mai jin Hausa da Fulatanci da Larabci da Faransanci kadara ne a yankin nan. Ka jira sanarwar hukuma, kuma duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya sama maka gurbi, ɗan damfara ne. Ka kuma sani tun yanzu cewa akwai gadi cikin sanyin hunturu, da watanni ba ka ga mahaifiyarka ba.

Wane fim ɗaya za ka ce lallai in nema?

The Battle of Algiers, na 1966, kan yaƙin ƙwatar 'yancin Aljeriya daga Faransa. Ya nuna masu dasa bam a gidajen shan shayi, ya nuna sojojin da ke azabtarwa don su kamo su, bai ɓoye gawar kowane ɓangare ba. Sojojin sun murƙushe ƙungiyar a cikin birnin, amma bayan 'yan shekaru Faransa ta tattara ta bar ƙasar a 1962. A 2003, ana tsakiyar yaƙin Iraƙi, ma'aikatar tsaron Amurka ta haska wa jami'anta shi. Baƙi da fari ne, babu rawa, babu jarumin da za ka yi wa tafi, kuma da Larabci da Faransanci ake magana. Ranar da na sa shi, rabin benci sun fice kafin a kai tsakiya. Waɗanda suka zauna kuwa, har mai shayi ya kashe wuta ba su gama musu ba.